Rundunonin soja mafiya daɗewa a bakin aiki: ta Chadi da ke Faransa, da ta Hausawan Glover

Babbar Kasuwar N'Djamena, wadda kowa ke kira Grand Marché, tana gefen babban masallacin Sarki Faisal, a tsakiyar tsohon gari. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa titin Charles de Gaulle, da kuma barikin da ake kira Camp des Martyrs, wanda a zamanin Turawa sunansa Camp Koufra. Waɗannan sunaye suna tuna wa mutum cewa soja ne suka kafa garin. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙin Kousseri a tsallaken kogi, inda Rabe ya mutu, shi ma kwamandan Faransawa, Lamy, ya mutu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Émile Gentil ya kafa sansanin soja a gaɓar kogin Chari, ya sa masa suna Fort-Lamy. Kasuwa ta biyo bayan bariki, fatake Hausawa da Barebari da Larabawa suka zo, tare da maniyyata masu bin hanyar Makka ta ƙasa, waɗanda da yawansu guzuri ya ƙare musu suka zauna. Sai a 1973 aka sauya wa garin suna zuwa N'Djamena.

To a garin da soja suka kafa, wace runduna ce ta fi daɗewa tana aiki? Amsar tana da ɗan ban mamaki. Rundunar da ta fi kowace tsufa cikin masu ɗauke da sunan Chadi tana zaune ne a gabashin Faransa, kuma sojojinta na Faransa ne. A ɗaya ɓangaren kuma, rundunar da Hausawa suka fara, wadda ta girme ta da kusan shekara 50, tana nan da ranta a Najeriya, amma ta daɗe da ajiye sunan Hausa.

Yadda ake ƙirga shekarun runduna

Runduna ba mutum ba ce da za a nemi takardar haihuwarsa a gama magana. Sojoji suna mutuwa, suna ritaya, ana sauya kaki da makami da sarkin da ake yi wa mubaya'a. Abin da ke wucewa daga tsara zuwa tsara shi ne suna, da tuta mai ɗauke da sunayen yaƙe-yaƙe, da rajista, da al'adun bariki. Saboda haka duk inda aka ce runduna kaza ce mafi tsufa, sai a tambaya: tsufan suna ne, ko kuwa ba a taɓa rushe ta ba ko sau ɗaya?

Sifen tana da rundunar da ake kira Inmemorial del Rey, wadda ke danganta asalinta da shekarar 1248, lokacin da Sarki Fernando na Uku ya ci birnin Seville. Sai dai tsarinta na runduna tabbatacciya a ƙarni na 17 ya samu, abin da ya gabaci haka ya fi kama da tarihin baka. Faransa tana da rundunar sojan ƙasa ta ɗaya, 1er régiment d'infanterie, da ke Sarrebourg, mai ƙirga shekarunta daga 1479, zamanin Sarki Louis na 11. A Ingila akwai masu gadin sarki da ake kira Yeomen of the Guard, waɗanda Henry na Bakwai ya kafa a 1485, kuma yau tsofaffin sojoji ne masu fitowa ranakun biki kawai. Suwidin tana lissafa dakarun fadarta daga 1521. Amurka kuwa, duk da ƙuruciyarta, tana da rundunonin jihar Massachusetts da aka tsara ranar 13 ga Disamba 1636, tun ƙasar ba ta zama ƙasa ba.

Wadda aka fi sani a duniya ita ce rundunar 'yan Suwizalan masu gadin Fafaroma a Batikan. Mutum 150 ne suka shiga Rum ranar 22 ga Janairu 1506 bisa gayyatar Fafaroma Julius na Biyu. Ranar 6 ga Mayu 1527, da sojojin Sarki Charles na Biyar suka afka wa birnin, 147 daga cikin masu gadin suka mutu suna kare Fafaroma, shi ya sa bisa al'ada a ranar 6 ga Mayu ake rantsar da sababbin kurata. Yawansu yanzu 135 ne. Amma ko su ma an rushe su bayan wannan ɓarna, aka sake kafa su bayan kusan shekara 20, an kuma sake wargaza su a zamanin juyin juya halin Faransa.

Labarin Coldstream Guards na Birtaniya ya fi nuna yadda abin yake. An kafa ta a 1650 domin yi wa gwamnatin da ta kashe sarki aiki. Da sarauta ta dawo, sai aka tara sojojinta ranar 14 ga Fabrairu 1661 a Landan, aka ce su ajiye makamansu a ƙasa, nan take aka ce su sake ɗauka da sunan sabon sarki. Da wannan dabara ta zama rundunar dindindin mafi daɗewa a sojan Birtaniya ba tare da yankewa ba. Mutanen ba su canza ba, ubangida ne ya canza. Abin da ya faru da rundunar Chadi kishiyar wannan ne.

Rundunar Fort-Lamy

Sojojin da Faransa ta ci yankin Sahel da su, yawancinsu 'yan Afirka ne. Gwamna Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar tirailleurs sénégalais a 1857, kuma sunan “na Senegal” ya bi duk wani baƙar fata da ya sa kakin Faransa, ko Bambara ne, ko Mosi, ko Bazabarme, ko Sara. Rundunoni uku ne suka haɗu a Kousseri a 1900: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta hauro daga Kwango, ta ukun kuma ta biyo ta ƙasar Hausa. Wannan ta ukun ita ce ragowar ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, sannan ya kama Damagaram a ƙarƙashin wasu hafsoshin. Mutanen Nijar ba sa bukatar a tuna musu da wannan.

Cin Kousseri bai ba Faransa ƙasar Chadi ba. Abeche, hedikwatar daular Wadai, sai a 1909 ta faɗi, kuma a Nuwamban 1910 mayaƙan Masalit suka kashe Kanar Moll a Doroté. A wannan shekara ta 1910 ne aka haɗa bataliyoyin da ke yankin aka yi runduna guda, Régiment de tirailleurs sénégalais du Tchad, a taƙaice RTST, mai hedikwata a Fort-Lamy. Ita ce ta ci zawiyar Sanusiyya ta Ain Galaka a 1913 ƙarƙashin Kanar Largeau, wanda daga baya aka liƙa sunansa ga garin Faya. Da tafiya ta yi nisa, kuratan da ake ɗauka daga cikin ƙasar suka yi rinjaye, musamman 'yan ƙabilar Sara na kudu da mutanen duwatsun Guéra. A arewa kuma rundunar tana da rukunonin masu raƙuma da ke sintiri a Borkou da Ennedi da Tibesti.

Da ba don Yaƙin Duniya na Biyu ba, da wataƙila an manta da RTST kamar yadda aka manta da sauran rundunonin mulkin mallaka. A Yunin 1940 Jamus ta mamaye Faransa, gwamnatin Pétain ta miƙa wuya. Ranar 26 ga Agusta 1940, gwamnan Chadi Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guyane, tare da kwamandan rundunar, Laftanar Kanar Marchand, suka shelanta a Fort-Lamy cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Wannan ya ba de Gaulle ƙasa da sojoji a lokacin da ba shi da komai sai makirufon gidan rediyo a Landan. Ya kuma buɗe wa Ingilishi hanyar jiragen sama daga Takoradi, ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, zuwa Khartoum da Alƙahira. Jamusawa sun san darajar hanyar: a Janairun 1942 wani jirginsu guda ya ratso Sahara daga Libiya, ya jefa bamabamai a filin jirgin Fort-Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai.

A Disamban 1940 Kanar Leclerc ya karɓi ragamar sojojin Chadi. Abin da ya fara sa wa ido shi ne Koufra, wani dausayi a kudu maso gabashin Libiya da ke hannun Italiya, fiye da kilomita 1,500 daga Fort-Lamy. Ya tafi da kimanin mutum 400, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan Afirka, da tsofaffin motoci, da igwa guda ɗaya tak. Suka kewaye ganuwar El Tag, suna sauya wa igwar wuri domin Italiyawa su zaci suna da yawa. Ranar 1 ga Maris 1941 Italiyawa suka miƙa wuya. Washegari Leclerc ya sa mutanensa suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan majami'ar Strasbourg. Yawancin waɗanda suka tsaya a wannan fareti ba su taɓa jin sunan Strasbourg ba.

Daga nan aka yi yaƙin Fezzan a 1942, aka isa Tarabulus a ƙarshen Janairun 1943, aka haɗu da sojojin Birtaniya, aka shiga kudancin Tunisiya.

Sunan ya wuce, mutanen suka tsaya

A tsakiyar 1943 aka yanke shawarar mayar da dakarun Leclerc babbar runduna mai tankoki, 2e division blindée, da makaman Amurka. Sojan Amurka a wancan lokaci yana raba baƙi da farare, kuma hafsoshinsa ba su so a ga baƙaƙen fata a rundunar tankokin da suka ɗauki nauyinta. Faransawa suka amince. Aka cire sojojin Chadi da Kamaru da sauransu, wasu aka tura su wasu rundunoni, wasu aka mayar da su gida. Faransawa da kansu suna kiran wannan mataki blanchiment, wato farantawa. Hafsoshi da ƙananan hafsoshi Turawa da suka fito daga RTST su ne suka zama ƙashin bayan sabuwar runduna, wadda aka sa wa suna Régiment de marche du Tchad, RMT. Guraben da aka bari aka cike su da Faransawan da suka tsero daga gida, da mazauna Afirka ta Arewa, da 'yan gudun hijirar Sifen.

Haka aka yi rukunin farko na sojojin ƙawance da ya shiga Paris da yammacin 24 ga Agusta 1944 ya kasance kamfani na tara na “rundunar Chadi”, ƙarƙashin Kyaftin Raymond Dronne. Yawancin mutanensa 'yan Sifen ne da suka sha kaye a yaƙin basasar ƙasarsu, har ana kiran kamfanin La Nueve, motocinsu masu sulke kuma suna ɗauke da sunaye irin su Guadalajara da Teruel. Cikin 'yan ƙalilan baƙaƙen fata da suka rage a babbar rundunar akwai Claude Mademba Sy, ɗan Senegal mai takardun Faransa, wanda daga baya ya zama jakadan ƙasarsa. Ranar 23 ga Nuwamba 1944 aka ci Strasbourg, rantsuwar Koufra ta cika. A Mayun 1945 rundunar ta isa Berchtesgaden, mafakar Hitler a kan duwatsu, a Yuni kuma de Gaulle ya ba ta lambar Compagnon de la Libération, wadda rundunoni ƙalilan ne suka samu.

RMT tana nan har yau. Tun 2010 barikinta yana Meyenheim a yankin Alsace, ba nisa da Strasbourg ɗin, kuma tana cikin rundunonin da Faransa ke kira troupes de marine, magadan sojojin mulkin mallaka. Sojan ƙasa ce mai motoci masu sulke, ana tura kamfanoninta ayyuka a ƙasashen waje, a baya ma an tura su yankin Sahel. A jikin tutarta an rubuta Koufra da Fezzan tare da Paris da Strasbourg. In an bi takarda, shekarar haihuwarta 1943 ce, amma ta gaji tarihi da girmar RTST ta 1910, kuma ta wannan gado ne take kiran kanta rundunar rantsuwa.

Su kuwa ainihin waɗanda suka ci Koufra, labarinsu ya bi na sauran mazan jiya. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fenshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci, ta yadda Bafaranshe da ɗan Chadi da suka kwana a rami ɗaya suka riƙa karɓar kuɗi masu tazara mai yawa. Sai a 2007 aka fara daidaitawa, aka kammala wajen 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga sun kwanta dama. Yana da wuya a kira wannan da wani suna in ba rashin adalci ba.

Hausawan Glover

Tsohuwar rundunar da ta shafi Hausawa kai tsaye a Legas aka haife ta. John Hawley Glover hafsan sojan ruwan Birtaniya ne da ya san kogin Kwara, domin jirginsu ya taɓa farfashewa a Jebba a 1857. Birtaniya ta karɓe Legas a 1861, kuma tana bukatar 'yan bindiga masu arha waɗanda ba su da dangi a garin. A 1863 Glover ya tara mutum 18, kamar yadda tarihin sojan Najeriya ya ajiye, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yawa cikin kuratan farko bayi ne 'yan arewa da suka gudu daga iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa, kakin ya zame musu takardar 'yanci. Ba dukansu ne Hausawan haihuwa ba. A bakin Turawan gaɓar teku, duk Musulmin da ya fito daga arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne, ko da Banufe ne ko Babarbare.

Ƙungiyar ta girma ta zama rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai ta Hausawa. Glover ya kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga cikinsu aka kafa rundunar Gold Coast a 1879, wadda ita ce kakar sojan ƙasa na Gana. Wasu daga cikin dangogin Hausawa na zangunan Accra da Kumasi daga waɗannan sojoji suka fito. Sunan sojan Hausa ya yi tashe har Sarki Leopold na Beljiyam ya ɗebi wasu zuwa Kwango, Jamusawa ma suka ɗauka a Togo da Kamaru.

A 1897 aka ba Frederick Lugard aikin kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, WAFF, wadda daga baya ta haɗiye tsofaffin rundunonin Legas da na kamfanin Royal Niger. A nan tarihin ya yi ɗaci. Sojojin da suka fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba su kai dubu ba, Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, sauran kuwa da yawansu Hausa suke ji. Su ne suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, su ne kuma suka yi yaƙin Burmi a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Bindiga mai ruwa ta Turawa ce, hannun da ke riƙe da ƙaramar bindiga kuwa na gida ne.

Zuriyar Glover da ta Fort-Lamy sun taɓa yin yaƙi kafaɗa da kafaɗa. A 1914 Kousseri tana hannun Jamus, a matsayin yanki na Kamaru, kuma sojojin Fort-Lamy suka tsallaka kogi suka ƙwace ta a watan Satumba. Daga nan suka gangara kudu suka haɗu da sojojin Najeriya, tare suka ci Garwa a Yunin 1915, tare kuma suka yi wa dutsen Mora ƙawanya. Kyaftin von Raben da sojojinsa, su ma yawancinsu 'yan Afirka, sun riƙe dutsen kusan shekara ɗaya da rabi, sai a Fabrairun 1916 suka sauko, bayan duk sauran Kamaru ta faɗi.

A 1914 ɗin ne aka haɗa rundunonin arewa da kudu aka yi rundunar Najeriya guda. Ta yi yaƙi a Afirka ta Gabas, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu ta je Habasha da Bama, abin da tsofaffi ke kira yaƙin Bama har yau. A 1956 aka ba ta sunan rundunar Sarauniya, a 1960 ta koma hannun ƙasa mai 'yanci, a 1963 aka cire kalmar sarauta daga sunanta. Ba a taɓa rushe ta aka sake sabuwa ba, ko a lokacin yaƙin basasa, shi ya sa sojan Najeriya ke ƙirga shekarunsa daga 1863, ya kuma yi bikin cika 160 a 2023. Ranar bikin, 6 ga Yuli, daga wani tarihin ta fito: ranar da aka harba harsashin farko na yaƙin Biyafara a 1967.

Sunan Hausa ya fita daga rajista, amma sawun yana nan a harshe. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, dole hafsa Bature ya koya, har wani salon magana ya samu da ake kira Barikanci. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su soja, kofur, saje, samanja, fareti da bariki suka shigo Hausa. Mai sayar da goro a Grand Marché da ya ce wa yaro “ka tsaya kamar soja” yana amfani da kalmar da ta biyo wannan hanya daga Legas.

Dogarai da 'yan lifidi

In za a auna da ma'aunin da Turawa ke auna nasu, akwai masu da'awar da ta fi ta Glover tsufa nesa ba kusa ba. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. 'Yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa har yanzu a hawan sallah, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Dogarai kuma suna nan a fadojin Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram da rigunansu masu ja. A zamanin Turawa daga cikin aikinsu aka fitar da 'yan doka, 'yan sandan En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan ƙasa a ƙarshen shekarun 1960.

Gaskiya ne dogarai ba sa cikin sojan kowace ƙasa, ba sa zuwa fagen daga. Amma Yeomen na Ingila ma ba sa zuwa, kuma ba a hana su shiga jerin tsofaffin rundunoni ba. Bambancin shi ne su suna da takardar kafuwa mai ɗauke da shekara, fadojin ƙasar Hausa kuwa sun riƙe nasu a jerin sarautu da bakin maroƙa.

Wasu ƙasashen Afirka sun shigar da irin wannan gado cikin tsarin gwamnati. Dakarun fadar Sarkin Maroko ana danganta su da rundunar bayi baƙaƙe ta Sarki Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ana kiransu Abid al-Bukhari saboda a kan littafin Sahihul Bukhari suke rantsuwa. A Senegal kuma, mahayan dawakin fadar shugaban ƙasa masu jajayen kaya, Garde rouge, sun gaji rukunin spahis da aka kafa a Saint-Louis a 1845, wanda daga baya aka mayar jandarmomi.

Sojan Chadi na yau

Sojan Chadi yana da suna wajen yaƙi a duk yankin Sahel, daga arewacin Mali a 2013 zuwa bakin Tafkin Chadi a fafatawa da Boko Haram. Amma a lissafin daɗewa yaro ne, domin zarensa ya tsinke fiye da sau ɗaya. Bayan samun 'yanci ranar 11 ga Agusta 1960, an gina rundunar ƙasa da tsofaffin sojojin Faransa, yawancinsu 'yan kudu, yayin da hafsoshin Faransa suka ci gaba da mulkin Borkou da Ennedi da Tibesti har 1965. Wannan runduna ce ta hamɓarar da Shugaba Tombalbaye ranar 13 ga Afrilu 1975. A Fabrairun 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin N'Djamena, rundunar ta wargaje, ragowarta ta janye kudu ƙarƙashin Kanar Kamougué. A 1980 aka shafe wata tara ana luguden wuta a tsakiyar birnin, dubban mazauna, ciki har da 'yan kasuwa Hausawa, suka tsallaka zuwa Kousseri.

Hissène Habré ya kama birnin ranar 7 ga Yuni 1982, ya kafa sabuwar runduna, FANT, a 1983 a kan mayaƙansa. Idriss Déby ya kore shi a Disamban 1990, aka sake tsari da sunan Armée nationale tchadienne. A 2005 Déby ya rushe dakarun fadarsa ya maye gurbinsu da DGSSIE. Kowane sabon mai mulki da mayaƙansa yake zuwa, tuta da rajista kuma su fara daga farko.

Abin da ya fi kama da tsohon gado a cikin ƙasar shi ne Garde nationale et nomade du Tchad, GNNT. Tsarin mulki ya ɗora mata gadin hukumomi da gine-ginen gwamnati da gidajen yari, da kiyaye zaman lafiya a karkara da wuraren makiyaya. Har yanzu tana da masu sintiri a kan raƙuma da dawakai, irin aikin da rukunonin raƙuma suka yi a arewa tun zamanin RTST.

Sojojin Faransa kuwa, waɗanda suka zauna a N'Djamena kusan ba yankewa tun zamanin Gentil, in ban da gajerun lokuta a shekarun 1970 da 1980, sun tattara nasu ya-nasu. A nan aka kafa shirin Épervier a 1986, a nan kuma hedikwatar Barkhane ta zauna daga 2014. Ranar 28 ga Nuwamba 2024 gwamnatin Chadi ta sanar da kawo ƙarshen yarjejeniyar tsaro da Faransa. Aka miƙa sansanin Faya a ƙarshen Disamba, na Abeche a Janairu, sannan ranar 30 ga Janairu 2025 aka miƙa na ƙarshe, sansanin Adji Kosseï da ke gefen filin jirgin saman N'Djamena.